Ki Cinye, Kada Ki Rago Mini

Safa, Jidda.

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da sa albarka, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya ke da mijinki. Allah Ya tsare muku hanya ta tudu da ta ruwa, Ya kai ku tsibirin nan da za ku hutun amarci lafiya, Ya kuma sauke ku a sabon gidanku na Yanbu cikin aminci.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda a ƙasan akwatinki, a daidai inda kika cusa wasu kaya kina zaton ban gani ba. Kada ki wahalar da kanki da nema, ni na kwashe su. Taliyar leda, gwangwanayen kifi, butar dafa ruwa mai aiki da lantarki, da wasu robobi uku masu murfi waɗanda babu komai a cikinsu. Taliyar da butar dariya suka ba ni. Robobin nan kuwa, da na gan su sai na zauna a bakin gadonki na yi kuka, don na san abin da kika yi niyyar zubawa a ciki, kuma na san daga wurin wa kika gado wannan hali.

Da Hausa na rubuta, duk da na san karatunki na Hausa tafiyar hawainiya yake yi. Ki bi a hankali, ba inda za ki. Larabcina na kasuwa ne da layin asibiti, ba zai iya ɗaukar abin da nake son gaya miki ba.

Kin sha jin labarin zuwanmu tsibiri ni da marigayi babanku. Kin ji shi har kin haddace, amma wanda kika haddace ɗin ba shi ne na gaskiya ba. Lokacin muna unguwar Khumra a ɗaki biyu, kina da shekara bakwai, ƙanenki Sadiƙu yana da huɗu. Babanku yana tuƙa motar ɗaga kaya a wani sito. Kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar nan, mutumin kirki ne, kuma yana da hannu a wani otal a wani tsibiri can kudu, bayan Jizan. Da babanku ya cika shekara goma a wurinsa, sai ya ba shi takardar kwana biyu a otal ɗin, shi da iyalinsa. Muka bar ku wurin Gwaggonku Asabe. Tun da aka kawo ni Jidda daga gida, ban taɓa zuwa ko'ina don hutu kawai ba, kuma daga wannan ban sake ba.

Kuskurena na farko tun a gida na fara shi. Na kwana biyu ina soye-soye: dambun nama, cincin, ƙuli-ƙuli, ga garin rogo, ga gurasar tamis da na saya a bakin titi. Babanku ya dubi jakar ya ce, “Binta, yaƙi za mu ko hijira?” Na ce masa in ya ga farashin abincin mutanen nan, zai gode mini.

Safiya biyu muka yi a ɗakin nan mai kallon teku, gado kamar filin idi, ni kuwa na shimfiɗa jarida a ƙasa ina jiƙa gari a kofin shayi. Ƙamshin abinci yana hawowa daga ƙasa. Babanku ya ce mu sauka mu gani, na ce, “Ka san kuɗin ƙwai ɗaya a wurin nan?” Bai sani ba, ni ma ban sani ba, kuma cikinmu babu wanda ya tambaya. Sai ranar tafiya, muna mayar da mabuɗi, mai karɓar baƙi ya ce yana fatan ba laifi muka gani a karin kumallonsu ba, tunda ba mu sauko ko sau ɗaya ba. Ashe yana cikin takardar. An rufe wurin da rabin awa kenan. Babanku ya kalle ni, ni kuwa na kalli silin.

To Ummi, ga shawara ta farko. Kuna ajiye kaya, ki tambaya me da me ke cikin abin da mijinki ya riga ya biya. Ki tambaya da baki, ki sa a nuna miki a rubuce. In da karin kumallo, ku sauka da wuri, ku zauna ku ci a natse, ku ɗanɗana abin da ba ku saba gani ba. Wanda ya karya da kyau ba ya neman komai sai bayan azahar. Talauci bai cuce ni a tafiyar nan kamar yadda kunyar tambaya ta cuce ni ba. Ina ganin in na ce “Bikam?”, wato nawa ne, kowa zai gane mu ba masu kuɗi ba ne. Daga baya, da na yi shekaru ina dafa abincin biki a gidajen manya a nan Jidda, na ga babu mai tambayar farashi kamar mai kuɗi. Shi ne zai tsare ki da tambaya har a kan kuɗin ruwan sha, ko a jikinsa.

Babanku ya fi ni wayo ta wannan fanni. A masallacin otal ɗin ya haɗu da wani dattijo ɗan Sudan da ke aiki a kicin, suka saba. Shi ya gaya masa cewa babban ɗakin cin abincin nan mai fararen tebura, wanda farashinsa na dare ke sa mutum jiri, da rana yana ba da abinci kala uku a jere a farashi ɗaya mai sauƙi. Mai dafawa ɗaya ne, kifin ma na safiyar ranar ne, kyandir kawai za ka rasa. Ya kuma gargaɗe shi kada ya yarda a kawo masa kifin da ake sayarwa da awo sai an auna a gabansa an faɗi kuɗin.

Wannan ma ki riƙe. Ku gaisa da ma'aikatan wurin kamar mutane, ku tambaye su abin da kicin ɗin ya fi iyawa, za su gaya muku gaskiya. Kada ku ce kullum sai babban tebur, aljihun mijinki ba zai ɗauka ba, kuma abin da ake ci kullum ba ya zama labari. Ku zaɓi rana ɗaya. Ku je da rana, kun yi wanka kun yi kwalliya, ba ku cika ciki da gurasar da za a fara ajiye muku ba. Sauran kwanakin ku nemi inda mutanen garin suke ci, ba abin kunya ba ne.

Yanzu na zo kan abin da ya sa na ɗauki biro.

Bayan mun mayar da mabuɗi, saura awa uku jirgin ruwanmu ya tashi, babanku ya ce, “Yalla, zo mu je.” Ya kai ni ƙofar ɗakin nan mai fararen tebura. Na ja na tsaya. Na ce masa ya rufa mana asiri, akwai sauran dambu a jaka. Ya ce, “Halas, magana ta ƙare, na riga na biya, ba a mayarwa.” Sai daga baya na ji cewa wata huɗu ya yi yana aikin ƙarin lokaci, yana shan shayi da gurasa da rana, don wannan zama guda.

Aka zaunar da mu kusa da taga. Ga cokula da wuƙaƙe an jera mini kamar za a yi wa mutum tiyata. Na rasa inda zan ajiye hannuna. Ki sani, babu mai kallonki a irin wannan wuri, kowa ta cikinsa yake yi. Ki fara da cokalin da ke can gefe, ki biyo ciki, in kin rikice ki tambaya. Ni dai ranar ina ganin duk duniya ni take kallo.

Mai hidima ya zo, babanku ya ce a kawo mini kala ukun nan, shi kuma shayi kawai. Na ce kai fa? Ya dafa ciki ya ce garin rogona ya ɓata masa ciki, ko ƙamshin abinci ba ya so. Na yarda, har ina jin nauyin abin a raina.

Ke ba ki taso yadda na taso ba, sai na yi miki bayani. A gidanmu mace ba ta cin abinci a gaban mijinta. Na kai shekara tara da aure a lokacin, babanku bai taɓa ganin ina tauna ba. In na zuba masa, sai na koma wajen murhu in ci abin da kuka rage. Ya san haka sarai. Shi ya sa da aka ajiye farantin farko, sai ya miƙe ya ce, “Bari in je in duba ko jirginmu ya iso.” Ya fita baranda ya jingina da ƙarfe, ya juya mini baya, yana kallon teku. Jirgin da sai la'asar zai zo.

Jatan lande ne guda huɗu manya, an gasa su, an zuba musu wata miya mai ruwan zinariya. Na ɗauki cokali. Wallahi Ummi, sai na ga fuskarki. Na ga Sadiƙu da yadda yake tsotsar ƙashi har ya yi fari. Na ce a raina, ni wace ce da zan ci wannan, 'ya'yana suna can suna cin wake da gurasa? Na waiga hagu da dama, na zaro ledar tamis daga jakata a ƙarƙashin abaya, na juye su ciki.

Babanku ya dawo ya ga faranti fes. Ya ce, “Har da wutsiyar, Binta?” Na ce a garinmu ba ma barin komai. Ya yi murmushi ya kurɓi shayinsa.

Sai aka kawo kifin. Najil ne, wanda kika san ko a kasuwar kifi mu sai dai mu wuce shi mu gaishe shi. An cire masa ƙaya, fatar ta yi ƙus-ƙus, cikin fari tas, yana kwance a kan 'yar shinkafa, ƙamshin man shanu da lemun tsami yana tashi. Har yau in na rufe ido ina jin ƙamshin nan. Babanku ya sake tuna cewa bai duba jirgi da kyau ba, ya fita. Na daɗe ina kallon kifin. Na so in gutsiri kaɗan, sai na ji tsoron in na ɗanɗana ba zan iya tsayawa ba. Na juye shi cikin leda, ko yatsana ban lasa ba. Na ukun wani abin zaƙi ne na dabino da madara, shi ma ya bi 'yan uwansa. Abin da ya shiga bakina a teburin nan duka, yankin lemun tsami ne da kofin ruwa.

Muna fita ya ce, “To, yaya?” Na ce, “Ba a magana.” Ya yi ta fara'a har bakin jirgi, yana tafiya kamar wanda aka yi wa naɗi.

A jirgi jiri ya kama ni, ya karɓi jakata ya riƙe a cinyarsa. Daga Jizan muka hau bas, muka kwana a hanya, kin san nisan. Ni a lissafina sanyin mota zai riƙe kifin. Da safe muna isowa na zaga bayan gida na kwance ledar. Ba sai na gaya miki ba. Kyanwoyin Khumra ne suka yi walima, su kaɗai ne a zuri'armu suka san daɗin najil na otal. Ku kuwa babanku ya zazzage muku 'yan kwansunan bakin teku da ya tsinto a aljihu, na ba ku sauran cincin, kuka yi ta tsalle har yamma. Ba ku san kun rasa wani abu ba, domin ba ku rasa komai ba.

Kuskuren da ya biyo baya ya fi wannan tsawon rai, don shekara goma sha biyar na yi ina goyon sa. Duk lokacin da baƙi suka zo, sai babanku ya ce, “Ai maman Ummi ta ci najil a otal. Binta, gaya musu yadda yake.” Ni kuwa in gyara zama in zuba. In ce yana narkewa a baki, in ce akwai wani ɗan yaji-yaji a ƙarshe. Kowace shekara sai na ƙara masa wani sinadari. Ke ma kin sha zama kina haɗiyar yawu. In na gama, sai in shiga kicin in tsaya ina jin kunyar kaina.

A ciwonsa na ƙarshe, bayan likita ya hana shi kusan komai, wata rana da la'asar ina ba shi kunu marar sukari, ya ture cokalin ya ce, “Ba ni labarin kifin nan, ko kunun ya wuce.” Na fara kamar kullum. Ina kaiwa wajen narkewa a baki, sai na ga kafaɗunsa suna rawa. Dariya yake yi, da ɗan ƙarfin da ya rage masa.

Ya ce, “Binta, ni fa na riƙe miki jaka a jirgi. Allah bai hana ni hanci ba.”

Na ajiye kofin. Na ce, “Tun ranar ka sani?”

Ya ce, “Tun daga wutsiyar.”

Na ce, to me ya hana ka magana duk shekarun nan, ka bar ni ina ta zuba a gaban mutane? Ya ce da farko haushi ya ji, ya yi shiru don kada ya faɗi abin da zai yi da-na-sani. Daga baya kuma ya ga in ya tona, zai ƙwace mini har labarin, shi kuwa labarin ne kawai ya rage mana daga tafiyar. Ya ce kullum yana cewa zai sake kai ni, wannan karon ya zauna ya tsare ni da ido, sai kuɗin makarantarku ya zo, sai lokacin sabunta iƙama, takardarmu ta zama a ƙasar, ya zo, shekaru suka tafi.

Na ce, “Cikin naka fa da ya ɓaci?”

Ya ce, “Lafiyarsa ƙalau. Kuɗin na mutum ɗaya ne. Yunwa ta kusa jefa ni teku a barandar nan.”

Muka yi dariya har na fara hawaye, daga nan dariyar ta tafi ta bar hawayen. Ya kama hannuna ya ce, “Ba kuɗin ne ya dame ni ba. So na yi in juyo in ga kin ci abu ɗaya a duniyar nan wanda ba ragowar kowa ba ne.” Bai ƙara sati uku ba. Allah Ya jiƙansa, Ya sa Aljanna makomarsa.

Ummi, na daɗe ina ɗaukar abin da na yi a matsayin son 'ya'ya, kuma akwai son a ciki, ba zan musa ba. Amma mutum ya yi wata huɗu yana hana cikinsa don ya ba ni kyauta, ni kuma na karɓa da hannu na ƙi karɓa da zuciya. Ban ba shi abin da ya nema ba, ku ma ban ba ku komai ba. Wannan yana ci mini rai har yau, kuma babu inda zan kai shi a gyara.

Ina ba ki wannan labari ne don na ga kin zama ni. Tun rasuwar babanku kika ɗauki gidan nan a kanki. Da aikinki na kantin magani muka baro Khumra muka dawo Safa, da shi Sadiƙu ya gama karatu. In an raba alewa a wurin aikinku, a jakarki take kwana ta iso mini. Ranar walimarki, ranar da ke ce amarya, na gan ki kina raɗa wa ƙawarki ta rufe farantinki ta kawo wa Umma. Na yi kamar ban gani ba, don ni na koya miki.

Abin da ya tsaya mini a rai kuwa, kwanaki mijinki ya zo gaishe ni, yana ta sunkuyar da kai, ya ce, “Umma, don Allah wane abinci Ummi ta fi so? Ina son in shirya mata wani abu a can.” Na san abin da Sadiƙu yake so, na san na babanku, na san har na Gwaggo Asabe. Ke da na haifa na raina, ban sani ba, domin ban taɓa ganin kin zaɓa ba. Na ce masa kifi, don kada in yi shiru. Yaron nan ba mai kuɗi ba ne, kin fi ni sani, kuma na ga a fuskarsa irin fara'ar da na taɓa gani a fuskar wani.

Don haka ga abin da nake roƙon ki. In ya kai ki teburin nan, kada ki tambaye shi nawa ya kashe, tambayar farashi a yi ta kafin a zauna. In kuɗin na mutum ɗaya ne, ku ce a kawo cokali biyu, ku raba a fili, babu wanda zai kama ku. In ya ce miki cikinsa na ciwo, kada ki yarda, ƙarya yake yi. In ya miƙe zai je duba jirgi, ki kama hannun rigarsa ki zaunar da shi. Ki ci a gabansa, ya ga kina tauna, ya ga kin lumshe ido. In fuskata ta zo miki a cikin farantin, na san kuwa za ta zo, ki ce mata Umma ta ƙoshi. Ina da shinkafa, ina da ɗana a gida, ba abin da na rasa.

Kada ki rago mini komai. Robobinki suna nan, na zuba daddawa da kuka a ciki. Tsarabar da nake so guda ɗaya ce: ki nemi najil, ki cinye shi tas, ki kula da shi sosai a bakinki, in kin sami lokaci ki kira ni ki gaya mini yadda yake. Na gaji da ƙirƙira, ina son in ji na gaskiya kafin in je in tarar da babanku, don na san sai ya tambaye ni.

Allah Ya yi miki albarka, Ya ba ku zaman lafiya da haƙuri da juna, Ya kare ku daga sharrin ruwa da na hanya da na baki. Allah Ya sa ki ci rabonki da daɗin rai, Ya dawo da ku lafiya. Sadiƙu yana gaishe ki. Ki gaishe mini da mijinki, amma takardar nan kada ki ba shi ya karanta sai kun tashi daga teburin.

Wassalamu alaikum.

Mahaifiyarki,
Binta